Harbin Ƙarshe a Kan Dusar Ƙanƙara

Rumasa'u na cikin cire rigar sanyi a ofishinsu da ke garin Greenbelt sai wayarta ta yi ƙara. Kenneth ne, jami'in da ke lura da wata hanya da ta ratsa duwatsun jihar Colorado, can nesa da su. Shi ke da ikon rufe ta idan dusar ƙanƙarar da ta taru a saman dutse na shirin zaftarowa.

"Na ga saƙonki," in ji shi da Turanci, iska na kaɗawa a bayan muryarsa. "So kike in rufe hanya yau Juma'a, ga masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, ga manyan motoci. Na haƙa rami a cikin dusar da safen nan na duba, a manne take."

"A ina ka haƙa?"

"Cikin bishiyoyi, kusa da hanya."

"Matsalar tana can sama. Dusar farkon hunturu ta rube a ƙasa, ta koma kamar sukari. Iskar kwanakin nan ta jibge mata sabuwa mai nauyi a kai. Ba abin da ya riƙe ta sama, zaune kawai take."

Shekaru ta ɗauka tana gina manhajar da ta gaya mata haka, tana haɗa hotunan tauraron ɗan'adam da awon iska da na sanyi. Bana ne hukumar hanyoyi ta yarda a gwada ta. Idan aka rufe hanya a banza, ta san ba za a sake ɗaga wayarta ba.

Kenneth ya ce, "Zan rufe. Za mu harba igwa a jikin dutsen mu girgiza dusar, mu gani. In ba ta sauko ba, zan buɗe."

Yashim, abokin aikinta ɗan Kafanchan, ya jawo kujera kusa da ita. "Dakta, kin tabbata kuwa?"

"Ban tabbata ba," ta ce da Hausa. "Amma bas ɗin 'yan makaranta na bi ta nan da yamma. Gara a yi mini dariya."

Ta kasa shan shayin da ya kawo mata. Bayan ta yi azahar, Kenneth ya kira ta bidiyo. Ga dutsen nan fari fat, ga motoci sun yi dogon layi a bayan shinge, wani direba ya fito yana ɗaga hannuwa cikin fushi.

Aka harba. Hayaƙi ya tashi a jikin dutsen, 'yar dusa ta gangaro ta tsaya. Aka sake harbawa, nan ma shiru. Yashim ya sunkuyar da kai. Wasu 'yan ofis da suka taru a bayanta suka fara komawa teburansu.

"Harsashi ɗaya ya rage," in ji Kenneth. "Shugabannina sai kira na suke ta yi."

Rumasa'u ta koma kan taswirar dutsen da ke cikin manhajarta. Sai ta ga abin: inda suke harbi dusar ta yi kauri sosai, girgizar ba ta kai ga ruɓaɓɓiyar ba.

"Kada ka harbi tsakiya. Ka ga baƙaƙen duwatsun nan a hagu, ƙarƙashin tsauni? A nan ba ta da kauri. Can za ka harba."

"Ba mu taɓa harbin wajen ba."

"Yau ka harba."

Igwar ta yi ƙara. Da farko ba abin da ya motsa. Sai wani layi ya tsaga farin dutsen daga hagu zuwa dama, kamar an yage ƙyalle. Gefen dutsen gaba ɗaya ya taso, ya kakkarye, ya gangaro yana tumɓuke bishiyoyi. Farar ƙura ta rufe hoton. Da ta lafa, babu hanya. An binne ta, har saman allunan gefen titi.

Direban da ke fushi ya ɗora hannuwansa a ka. Ofis ya kaure da tafi. Yashim ya miƙe yana cewa, "Kai, Dakta, yau kin fitar da mu kunya."

Rumasa'u ta ce alhamdulillahi a hankali, ta share ido da gefen mayafinta.

Fuskar Kenneth ta dawo, dusa a gemunsa, yana dariya. "Aikin kwana biyu kin ba katafilolina. Daga yau kowace safiya zan nemi rahotonki. Amma ki zo ki ga wurin da idonki. Yaushe rabonki da nan?"

"Ban taɓa zuwa ba," ta ce. "Ban taɓa hawa dutse mai ƙanƙara ba ma."

Ya zuba mata ido cikin mamaki. Da ta ajiye wayar, ta dubi takalmanta na ofis, ta juya wajen Yashim.

"A ina ake sayar da takalman hawan dutse a nan kusa?"