Jujin Maman Glory

Duk wanda ya bi ta lungun nan sai ya toshe hanci ya tsine wa jujin. Rebecca kuwa, wadda unguwa ke kira Maman Glory, da za a bar ta da ta kewaye shi da ƙaya. Tun da aka yanke dawa take tara shi: tokar murhu, kashin awaki, ƙaiƙayi, ɓawon gyaɗa, har sharar gidajen mutane da take bi da tsohon daro tana kwasowa. Ta zuba, ta watsa ruwan wanke-wanke, ta juya da fartanya, ta bar shi ya ruɓe.

Ba don daɗi take yi ba. Gonar da mijinta soja ya mutu ya bari a gindin dutse ta gaji tilis, bara dawa ko ƙugu ba ta kai ba. Philip, wan marigayin, ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in bana ba ta sa taki ba, zai karɓe gonar ya ba 'ya'yansa, ba zai zuba ido ƙasar ubansa ta mutu ba. Takin zamani kuwa sai dai ta ji labarinsa a rediyo. Shi ya sa ta ce masa ya zo ran Lahadi bayan coci ya ga abin da ta tara da idonsa.

Matsalar ita ce jujin a jikin katangar Lawwali mai jakai yake. Tsakanin gidajen nan biyu ko gaisuwar mutuwa babu. Shi ya ce ƙudanta sun hana shi cin tuwo. Matarsa Rahmatu kuma, don tsabar neman fitina, duk ledar ruwa da mataccen batir da fasasshiyar kwalba sai ta cillo su ta kan katanga. Rebecca ta tsuguna ta tsince ɗaya ɗaya, don leda ba ta ruɓewa. Ranar da kwalba ta tsarge mata yatsa, zagin da ta yi har bakin titi an ji.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar gari, sai ga duba-gari da farar riga, mai unguwa na biye da shi, jama'a na biye da su. Ya tsaya a kan jujin ya yamutsa fuska.

"Na waye wannan ƙazantar?"

Lawwali ya leƙo yana nuna ta da baki. "Ga ta nan tsaye! Wata da watanni muna shan wari."

Rebecca ta dubi saman jujin. Ledojin Rahmatu na safiyar nan suna nan fal, ba ta kai ga tsincewa ba. Ta dubi yatsanta da ke ɗaure da tsumma. Zuciya ta ɗebe ta. Yau dai sai ta ga Lawwali a gaban alƙali!

"Ranka ya daɗe, dubi ledar nan. Ni ruwan rijiya nake sha, ina na ga ruwan leda? Katangar waye wannan? Nasu ne, tun daga sama har ƙasa. Ko tsinke nawa babu a ciki."

"Maman Glory," in ji mai unguwa, "ki dai yi tunani."

"Na yi, Baba. Kowa ya shaida."

"Ƙarya takai!" Lawwali ya fito yana kumfar baki, ya kai wa jujin hauri don haushi. Ƙafarsa ta nutse. Da ya zaro ta sai ga ƙasa baƙa wuluk, mai laushi, tana tururi. Ya tsaya yana kallon ƙasar. Ya duƙa ya damƙo, ya murza a tafin hannu, ya shinshina. Shi ma manomi ne, ai ba sai an gaya masa ba.

Duba-gari ya ce, "Kafin Litinin in ga wurin nan fes, in ba haka ba kotu."

"Na ji, ranka shi daɗe," Lawwali ya ce, murya a sanyaye. "Tunda ta ce nawa ne gaban jama'a, nawa ne. Na amsa."

Rebecca ta shige gida tana taku ɗai-ɗai. A ranta ta ce, wannan malalacin ne zai kwashe juji? Zai dai share ledar sama, ya je ya yi ta ba duba-gari haƙuri, ya sha kunya. Kashegari ta ɗaura zanen zumuntar matan coci ta tafi coci, ta yi waƙa har muryarta ta dishe.

Tun daga bakin lungu ta ga abin ba daidai ba. Haske ya yi yawa. Katangar Lawwali ta fito tsirara har gindi, da shatin inda jujin ya tsaya. Jakai na fita a jere, mangala cike, baƙar ƙasa na zuba a hanya.

"Ɓarawo! Sauke min takina!" Ta yar da jaka ta riƙe mangalar jakin ƙarshe. "Da hannuna na tara shi! Kowa ya gan ni da daro!"

"Wane taki?" in ji Lawwali. "Sharata ce nike kwashewa, hukuma ta sa ni."

Ta juya wajen mai unguwa da ke tsaye a inuwa. "Baba, ka san gaskiya!"

"Na sani. Na kuma ce ki yi tunani, kika ce kowa ya shaida. To, mun shaida."

Rahmatu na bakin ƙofa da tsintsiya tana share ragowar, har da 'yar waƙarta. Matan da Rebecca ke kwashe wa shara kowace safiya duk suna nan tsaye, ba wadda ta goya mata baya. Haushi ya kama ta, na Lawwali kaɗan ne, na kanta ya fi yawa.

Sai ga Philip ya faka babur, da rigar cocinsa. Ya dubi ƙasa shararriya, ya dubi ƙurar jakai, ya dube ta.

"Maman Glory, ina takin da kika ce in zo in gani?"

Lawwali ne ya amsa, yana karkaɗe hannu.

"Ai wagga baiwar Allah ba ta aje shara. Tambayi unguwa, ko tsinke ba ta da shi."

Philip bai sauka daga babur ba. Ya taka shi ya tashi.

"Kada ki wahalar da kanki zuwa gona gobe," ya ce. "Yarana za su je."