Fuska ta Biyu a Kwabon Ummu Fawwaz

A shagon Abu Gassan da ke tsohuwar kasuwar Irbid, duk Alhamis bayan la'asar dattawa biyar ke zama kan tsofaffin kuɗin Rumawa. Dokarsu ɗaya ce: ba a ba mutum kujera sai ya gane kwabo da kansa, ya faɗi sarkin da ke kansa da garin da aka buga shi. Kujerar marigayi mijin Ummu Fawwaz ta shekara babu kowa, ita kuwa ta ƙudura sai ta zauna a kanta.

Abin da ta kawo musu wani dunƙulen tagulla ne da ƙasa ta daskare a kai. Abu Gassan ya juya shi sau ɗaya, ya ce kan mutum ɗaya ne a jikin kwabon, irin wanda ake zubarwa a kwanon masu araha.

"Biyu ne," in ji ta. Babban yatsanta ya ji tudu biyu.

"To matsa masa lemun tsami, 'yar uwa, kafin shayinki ya huce mun gani."

Ta san aikin lemun Abu Gassan. Sarakuna nawa ya cinye wa hanci, ga su nan a akwatinsa kamar an yi musu kaciya a fuska. Ta tafi gida ta tsoma kwabon a man zaitun.

Wata bakwai yana ciki. Duk Juma'a ta ciro shi, ta ɗan kankare da tsinken sakace, ta mayar. Idan ta wuce ta ƙofar shagon sai Abu Gassan ya leƙo: "Ummu Fawwaz, ya nuna ne? A ɗebo mana da burodi!" Abin yana mata ciwo ƙwarai, amma sai ta wuce abinta.

Ranar da ta dawo, ta ajiye shi gaban Hajji Munif, babbansu. Koren tagullar bai ƙwarzane ba ko kaɗan. Ga saurayin sarki, ga mace tana fuskantarsa, hanci ya kusa taɓa hanci.

"Gordiyanus da matarsa," ta ce. "Juya ka ga maharbin nan mai jikin doki a sama. Bugun garin Singara ne."

Hajji Munif ya daɗe yana duba shi da gilashin ƙara girma a ido. Daɗi ya cika ta.

"Abu Gassan," ya ce, "ɗauke kwandonka daga kujerar mijinta. Kuma daga yau, in ka sami kwabo, ita za ka fara nuna wa."