Kwalba Biyu a Kan Katanga

Zance ya cika garin Balmaceda, inda Yuli ke tsakiyar hunturu, Janairu kuma tsakiyar zafi, cewa Aniceto, mai zuba mai a gidan man bakin hanya, yana surka dizal da ruwa. Wai shi ya sa motoci suke ƙin tashi tun da sanyin Yuli ya kankama. Mai gidan man har ya ce Litinin zai sallame shi.

Doña Eduviges ba ta yarda ba. Ita ta koyar da Aniceto a firamare, kuma ko satar amsa bai iya ba. Abin da ya fi ƙona mata rai, ɗanta Rolando ne kan gaba wajen yaɗa zancen, don motarsa ta ɗaukar tumaki ta mace masa a ƙofar gida.

Ta samo kwalabe biyu. Ɗaya ta cika a famfon gidan man, ɗayar a gangar da Rolando yake ɗura wa motarsa. Ta jera su a kan katanga, suka kwana cikin ƙanƙara.

Da safe ta tarar da Rolando yana zuƙar shayin ganyen mate a gindin murhu.

"Taso, alƙali."

"Mama, sanyi fa!"

"Sanyin ne mai ba da shaida. Taso."

Man famfo yana nan garau. Na gangar ya yi fari, ya yi kauri kamar kitsen rago da ya huce.

"Yawwa, ga ruwan nan!" in ji Rolando.

"Ruwa ƙasa yake kwanciya, kai da ka yi aji shida a hannuna. Yaushe ka cika gangar nan?"

"Wurin Aniceton dai na cika."

"Yaushe na ce."

"Janairu, lokacin askin tumaki."

"Da zafi ke nan. Man lokacin zafi ka saya, shi ne yake daskarewa in sanyi ya zo ya toshe maka filta."

"Mai ai mai ne, Mama. Baba ma haka yake yi."

"Babanka kananzir yake ƙarawa, kuma duk da haka ni nake turi."

"To sauran motocin fa?"

"Ba tare kuka yi layi da gangunanku ba? Sa rigarka, ka je ka faɗa wa mai gidan man da bakinka."

Ya ɗaga kafaɗa, ya koma gindin murhu. Ta yi tsaki, ta cusa kwalaben a aljihun kwat, ta kama hanyar gidan man tana takawa a hankali saboda santsi.

Babu ruwa a man Aniceto. Man Janairu masu motoci suka zuba wa motocinsu a Yuli.