Tafin 'Yan Baya

A makarantarmu babu wanda ya kai malamin lissafi taushin zuciya, har yara suka laƙaba masa Malam Sannu-Sannu. Yana da wata dabara da yake cika mana kunne da ita: tambaya mai wuya ta 'yan bencin gaba ce, 'yan baya kuwa a miƙa musu mai laushi, su amsa, a tafa musu. Wai kada yaro ya karaya.

Ranar da aka gama zaɓen 'yan ajin kimiyya, muna ɗakin malamai muna shan shayi sai ga wani direba da 'yarsa Auta, 'yar bencin ƙarshe. Ya gaisa da kowa hannu bibbiyu, sannan ya juya ga Malam Sannu-Sannu.

"Malam, godiya na zo yi, sai 'yar tambaya. Yarinyar nan kullum ta dawo sai ta ce an tafa mata a lissafi. Likita take so ta zama. Ya aka yi ba a ɗauke ta kimiyya ba?"

Malam ya hau kame-kame, ya ce gurbi ne ya yi kaɗan.

Auta, kai a sunkuye, ta ce, "Baba, tafin 'yan baya ne. Mu ba a yi mana tambayar gaske."

Ni da ba ni na kashe zomon ba, kunya ta hana ni haɗiye shayina.

Direban ya ce, "Don Allah, Malam, yi mata ta gasken in gani."

Malam ya rubuta irin ta 'yan gaba a ƙaramin allonmu. Auta ta ɗauki alli ta shiga yi, layi bayan layi, ta wuce inda duk muka zaci za ta tsaya. Dab da ƙarshe ta cije.

"Nan ne ban gane ba. Ranar da ka yi bayaninsa na ɗaga hannu, ka ce kada in wahalar da kaina."

Malam ya ƙura wa allon ido. Ajin kimiyya ya riga ya cika, kuma shi da bakinsa ya ce a tsallake ta. Ya juyo ga direban.

"Wallahi tausayinta nake ji."

Direban bai ɗaga murya ba. Ya karɓi allin daga hannun 'yarsa ya ajiye a gaban Malam.

"Tausayi muna da shi a gida, Malam. Karatu muka kawo ta."