Ma'aunin Mai Guduma

Tun kafin masu rediyo su fara cewa tattalin arzikin ƙasa ya farfaɗo, Mai Guduma ya riga ya gani. Ya riga 'yan babban banki, ya riga masu ɗaura wa wuya igiya su zauna cikin sanyi suna zana layi a takarda. Bai taɓa shiga aji ba, to sai me? Yana da ma'aunin da babu shi a kowane ofis: tsohon takalmi.

A rumfarsa ta gyaran takalma da ke bakin kasuwa gemunsa ya yi fari. An canza kuɗi yana nan. Gobara ta cinye layin kaf, ya fito da kekensa na ɗinki a ka, girarsa a ƙone. Wannan keken ya ciyar da gida, ya aurar da yara. Kuma a bakin keken ya gano sirrin da masu digiri ke wahalar nema: in ƙasa ta tsiyace, mutum zai yi ta kawo takalmi ɗaya ana faci kan faci, in ta samu, sai ya yar ya sayi sabo.

To, ga shi tarin takalman gabansa yana ta raguwa. Wancan watan kwando bai cika ba. Wanda ya biyo baya ko rabi bai kai ba. Duk ƙarshen wata rediyo ta karanto alƙalumanta, hauhawar farashi ta ɗan sassauta, masana'antu sun ɗan motsa, ana sa ran za a rage kuɗin ruwa, sai ya leƙa kwandon ya gyaɗa kai.

"Sannunku da zuwa," in ji shi. "Mu mun daɗe da isowa."

Ran nan autarsa, wadda ke aiki a kantin magani, ta kawo masa abincin rana ta tarar yana goge keke da mai.

"Baba, wa zai yi aure?"

"Sayar da shi zan yi, Auta. Zamanin faci ya wuce. Sababbi zan saro in jera. Ranar da aka sauke kuɗin ruwa, 'yan kasuwa su ciwo bashi daga banki, ma'aikata su sami ƙari, ƙafa ce za ta fara sani."

Ta ajiye kwano ta zauna a benci. "Baba, tsakaninka da Allah, yaushe rabon da ka zura zare a allura ba ka kira mai shayi ya taimaka ba?"

"Hira nake nema da shi."

"Matar mai gidanmu fa? Ka ɗinke mata takalmi har da harshensa, ƙafa ta rasa ƙofar shiga."

"Ƙafarta ce ta kumbura. Ƙoshi ne. Shi ma alama ce."

"Mu je a duba maka ido, a ba ka tabarau. Kar ka rabu da keken nan. In ya tafi, da me za ka koma?"

"Koma ina? Ke ƙwaya kika iya ƙirgawa. Ƙasa kuma ki bar wa masu ita."

Mai saye bai yi wuyar samu ba. Dogo ne, wanda ya koyi sana'a a hannunsa shekarun baya, yanzu magidanci mai rumfarsa a bayan tasha. Ya zo da amalanke tun kafin a gama aika masa. Bai ko yi ciniki ba, abin da ya sa Mai Guduma ya ji tausayinsa.

"Dogo, amana ta sa zan faɗa maka. Sana'ar nan ta mutu. Kar gobe ka ce na cuce ka."

"Allah ya ja kwana, Maigida. Zan lallaɓa da shi haka."

"Ba ka jin rediyo ne?"

"Ina nake da sukuni, Maigida? Ko abinci a tsaye nake ci."

Mai Guduma ya girgiza kai. Yaro dai yaro ne, ko ya yi jika.

Sababbin takalma suka iso, baƙaƙe da jajaye, suna ƙamshin kwali. Ya jera su a inda keke yake a da, ya sayi bulala ta gashi yana kaɗe ƙura. Mutane kam suna tsayawa. Su ɗaga, su juya, su tambayi farashi, su ce kai, su ajiye a hankali kamar ƙwai. Da yawansu da leda a hammata, kuma shi da ya tsufa a sana'a ya san abin da ke cikin irin wannan ledar. Duk hanyar tasha suke bi.

Ya rufe rumfa da la'asar ya bi su ya gani. Layi ne daga rumfar Dogo har bakin kwata. Malamin makaranta da takalmi ɗaya a hannu, direbobi, mata da silifan yara, har da matar nan mai kumburin ƙafa. A ciki kekensa na ta sheƙa gudu a ƙarƙashin ƙafar Dogo, da wata irin murya da ya daɗe bai ji ta yi ba.

Ya daɗe a tsaye. Ya dawo gida ya tarar da Auta ta zo gaida mahaifiyarta.

"Baba, ka gani?"

"Na gani. Bayan tasha suna baya da wata guda, ko biyu. Arziki ta bakin kasuwa yake shigowa, ba ya tsallake."

A daidai nan rediyo ta ce kwamitin babban banki ya zauna, ya bar kuɗin ruwa yadda yake, sai zama na gaba.

"Kin ji ko? Na gaba! Su ma ni suke jira in gama shiri." Ya miƙe ƙafa ya dubi duk wanda ke tsakar gidan. "Mai musu ya zo rumfata ƙarshen wata mai kamawa, ga benci nan kyauta. In ya tarar da ƙafa ɗaya ta rage a kan kanta, ya aske gemun nan da hannunsa. Amma ya zo da wuri, don ba zan ajiye wa kowa lambarsa ba."