Kalmar Sirrin Injiniya

"Kar ka soka!" in ji Rabi, ta fizge 'yar sifikar daga kan tebur ta rungume ta a ƙirji.

Elisha ya tsaya da tsinken sakace a hannu yana kallonta. Abokin aikinta ne a ma'aikata, shi ke kula da kwamfutoci, kuma tun sha ɗaya na safiyar wannan Asabar ya baro iyalinsa a Malali ya zo Unguwar Dosa don ya haɗa mata sabuwar rauta, na'urar da ke raba wayfai a gida. Tsohuwar, tsawa ce ta ƙone ta ran Laraba.

"Hajiya, ɗan ramin nan na bayanta kawai zan danna. Ta manta da tsohuwar, ta kama sabuwar."

"In ta manta da tsohuwar, me kuma za ta manta?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya, komai."

"To, ajiye tsinken."

Wata bakwai ke nan da rasuwar mijinta, Injiniya Ɗayyabu, mutumin da ba ya ganin abu mai waya a kasuwa ya wuce. Shi ya sa fitilar ƙofar gida take kunna kanta da magariba, injin ruwa yake tashi da hantsi ba mai taɓa shi. Shi kuma ya naɗi muryarsa a sifikar nan, kullum ƙarfe huɗu na yamma ta tuna wa Rabi maganin hawan jini. Yana raye ba abin da ba ta ce wa sifikar ba. Ta kira ta gulmammiya, ta taɓa kifa mata kwano. Bayan an kai shi makwanci sai ga Rabi tana baro ofis uku da rabi, tana yi wa mai Keke faɗan ya yi sauri. Yau kwana uku gidan shiru, kuma ita ta san ba maganin take kewa ba.

Elisha ya sake yi mata bayani a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya ya sha kunu. Duk kayan nan a wayar marigayi aka ɗaure su, wayar kuwa sai da yatsansa take buɗewa. Hanya ɗaya ta rage: a sa wa sabuwar rautar sunan tsohuwar da kalmar sirrinta, harafi da harafi. Kayan za su ɗauka ba abin da ya canza, su koma aiki da kansu.

"Sunan na gan shi a jikin kwalinta. Kalmar ce babu. Ba ta cikin wayarki?"

Ba ta ciki. Shekara shida Injiniya yana cewa ta kawo ya sa mata, tana cewa datarta ta ishe ta, ba ta shiga shirginsa. Taurin kai dai, ga ranarsa ta zo.

Ta shiga ɗakinsa ta fito da littattafan aiki, ta zazzage aljihunan kaftani, ta buɗe jakar da yake zuwa Juma'a da ita. Ta sami rasiɗin taya, da katin asibiti, da goro guda da ya bushe ya zama dutse. Ta kira 'yarsu Aziza a Zariya.

"Umma, ai na canza waya bara. Ki gwada ranar haihuwarki."

Aka gwada. Kowace kalma sai Elisha ya shigar, a kashe rauta, a kunna, a zuba wa sifika ido. Ɗan haskenta ya yi ta ƙiftawa ja. Aka gwada ranar aurensu, da sunan Aziza, da sunan mahaifiyarsa, da Rigachikun inda aka haife shi. Rabi ta zauna, ta tashi, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi, ta leƙa agogon bango ya fi sau goma. Uku ta wuce da kwata. Elisha ma ya fara duba nasa agogon a sace, don huɗu da rabi zai ɗauko matarsa da ta je unguwa Kawo.

"Shekara ashirin da shida ina tare da mutum," ta ce, ba da shi take ba, "a ce kalma ɗaya ta gagare ni."

Sai aka yi sallama. Magajiya ce, maƙwabciyarta ta jikin katanga, malamar firamare, ta dawo daga taron matan coci da ɗankwalinsu na anko a ka.

"Maman Aziza, lafiya kuwa? Kwana uku ban ga fitilar ƙofarku ba. Na ce bari dai in leƙo."

"Tsawa ce ta ƙone mana na'ura."

"Ayya! Shi ya sa. Ni ma na ce wa Irmiya ba banza ba wayfai ɗin ya ɓa..." Ta kama bakinta da hannu.

Elisha ya sunkuyar da kai yana gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

"Wane wayfai, Maman Irmiya?"

Magajiya ta zauna a hannun kujera ba a ce ta zauna ba. Lokacin korona ne, in ji ta, da aka rufe makarantu aka ce yara su yi karatu ta waya. Injiniya ya tarar da Irmiya a gindin katanga yana ɗaga waya sama yana neman sabis, sai ya karɓi wayar ya sa masa kalmar wayfai ɗin gidan. Daga baya ya sa mata ita ma.

"Ya ce kar in gaya miki. Wai za ki ce ya mai da gidan tashar mota."

Da kuwa ta faɗa, Rabi ta sani. Wannan ne ma ya fi ba ta haushi. Kunya ce ko fushi, ta kasa rabewa. Ta yini tana zazzage aljihun mamaci, ashe abin yana ƙetaren katanga.

Elisha ya karɓi wayar Magajiya, ya ɗan latsa, ya juyo wa Rabi da fuskar wayar. Rabi ta karanta, ta sake karantawa. Lambar tsohon babur ɗin Injiniya ce, Basfar da ya sayar tun Aziza tana goye.

"Basfa," ta ce. "Ba ni ba, ba 'yarsa ba. Basfa. Allah ya jiƙanka, Baban Aziza, ka iya abin haushi."

Aka shigar, aka kashe, aka kunna. Hasken sifikar ya ƙifta ja sau biyu, ya tsaya, ya koma shuɗi. A bayan gida injin ruwa ya yi tari ya kama.

"Sun dawo," in ji Elisha. Sai kuma ya ƙura wa wayarsa ido. "Hajiya, ba su kaɗai ba fa."

Ya nuna mata jerin abin da ya hau sabuwar rautar. Sifika, fitila, injin ruwa, wayar Magajiya. Ƙarƙashinsu wasu sunaye suna ta ɓullowa ɗaya bayan ɗaya: Bello, mai shagon kan kwana. Hasiya mai ɗinki. Wata Samira da Rabi ba ta ma san ko 'yar gidan wa ce ba. Kafin ta gama karantawa sun kai goma sha ɗaya.

"Wallahi ni biyu na sani," in ji Magajiya da sauri.

Rabi ta ɗaga labule. Ga Bello can ya jingina da katangarta, ya sa waya a gaba yana murmushi kamar an yi masa albishir.

"Kore su," ta ce. "Duka. Gidana ba tasha ba ne."

"Sai dai a canza kalmar."

"A canza."

"In an canza, ita ma..." Ya nuna sifikar da haɓa, bai ƙarasa ba.

Magajiya tana murza bakin zanenta. Rabi tana tsaye riƙe da labule, ta rasa wanda za ta yi wa faɗa, don mai laifin ya riga ya tafi inda faɗa ba ya kaiwa.

Sifikar ta yi ɗan ƙara, sannan aka ji gyaran murya, irin wanda yake yi kafin ya faɗi abin da ya san za a yi masa gardama.

"Maman Aziza, ƙarfe huɗu. Maganin yana kan firij. Kar ki ce mini anjima."

"Na ji!" in ji Rabi da tsawa, kafin ta san ta buɗe baki. "Ai ba kurma ba ce ni."

Magajiya ta ja bakin ɗankwali ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Elisha ya juya yana kallon bango. Rabi ta je ta ɗauko maganin, ta haɗiya da ruwan shayin da ya huce, ta daɗe tsaye a ƙofar kicin kafin ta dawo.

Elisha ya naɗe wayoyinsa, ya tura rautar can cikin lungun kantar falo, bayan talabijin.

"Daga nan tana kaiwa ina?" ta tambaye shi.

"Cikin gida dai ko'ina. Waje kuwa da kyar, bango ya tare."

Ta dubi Magajiya, wadda har yanzu ba ta ɗago ba.

"Ɗakin da Irmiya yake karatu, ta wane ɓangare yake?"

"Ta gabas," in ji Magajiya cikin ɗankwali.

Rabi ta kwashe tukunyar fulawar roba da ke bakin tagar gabas, ta goge wurin da gefen mayafinta.

"Fito da ita, Elisha. Kawo ta nan."