Gidan Sauron Kawu Ndaceko

Zikrullahi na cikin yayyafa kananzir a kan tulin ragar da aka ƙwace, sai idonsa ya faɗa kan wani gidan sauro mai facin atamfa shuɗiya. Hannunsa ya tsaya cak. Ya san facin nan. Matarsa Kafayatu ce ta yi shi da ragowar zanenta, shi kuma da hannunsa ya kai wa kawunsa gidan sauron bara, lokacin da zazzaɓi ya kusa tafiya da tsohon. Ga shi yau an ɗaura masa duwatsu daga ƙasa, an jera masa robobin ruwa daga sama, sai ƙarnin kifi yake yi.

Aikinsa ke nan a ofishin kula da kamun kifi: bin bakin ruwa, duba idon raga, ƙwace wadda idonta ya cika ƙanƙanta. Gidan sauro kuwa shi ne uban masu laifi, don ko ƙwan kifi ba ya bari. Da safen nan abokan aikinsa suka kai samame kogin Chanchaga, shi yana can yana jigilar kujeru, saboda baƙon da ya zo daga Legas, wani Dakta Stephen, masanin dokokin teku da gaɓar ruwa. Don shi aka shirya ƙona ragar a bainar jama'a, har da mai ɗaukar hoto.

Ya ɗaga kai a hankali. Masuntan da aka kama suna tsaye a inuwar mangwaro, kuma na ƙarshensu, mai hular da ta koɗe, Kawu Ndaceko ne, yayan mahaifiyarsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya.

To, ga inda matsalar take. Shugabarsu, Madam Rifkatu, ba ta wasa. Ta sha faɗa cewa duk ma'aikacin da aka kama ɗan'uwansa, ranar zai bar tawagar sintiri, don ba ta son ana rada cewa doka tana da 'yan gida. Shi kuwa gogan naka bai taɓa faɗa a ofis cewa a cikin kwalekwale ya girma ba. In an tambaye shi asali, sai ya ce su mutanen Bida ne, ya ja bakinsa ya yi shiru.

A gidansu ba a gai da Kawu a tsaye. Takalmi ake cirewa, a durƙusa, a yi ta jero gaisuwa har sai ya ce a tashi. Tsabar sabo, gwiwoyin Zikrullahi har sun fara lanƙwasawa da kansu. Da ya ankara, sai ya wayance da ajiye galan ɗin kananzir a ƙasa, ya miƙe, ya kau da kai. Kunya ta rufe shi tun daga nan.

Dakta Stephen ya yi jawabi da Turanci, Madam tana mayarwa Hausa. Ya ce ruwan nan da suke gani kogin Neja ya nufa, daga can sai teku, don haka dokar da ta hana jirgin ruwa kwashe 'ya'yan kifi a gaɓar teku, 'yar'uwarta ce ta hana gidan sauro a nan. Abin haushin shi ne, gaskiya mutumin yake faɗa. Zikrullahi ya tuna tarwaɗar da suke kamawa yana yaro, sai an ɗauka da hannu biyu. Yanzu masunci ya wuni a ruwa ya dawo da abin da bai wuce ɗan yatsa ba.

“Wancan Baban ba ya jin Hausa,” in ji Madam. “Tun safe muna magana, kallonmu kawai yake yi. Zikrullahi, ai kai Banufe ne. Zo ka yi masa bayani da yarenku.”

Ba ya jin Hausa? Mutumin da ya fi rabin rayuwarsa a Minna? Zikrullahi ya taka kamar mai ɗauke da buhun siminti, ya tsaya gaban tsohon, da takalmi, da hular aiki.

Kafin ya buɗe baki, Kawu Ndaceko ya zame silifas ɗinsa, ya dafa gwiwa, ya durƙusa a gabansa. Ƙasusuwansa har ƙara suka yi. Mai hoto ya matso.

“Kawu,” Zikrullahi ya faɗa da Nufanci, “don Allah…”

“Tsaya daidai, suna kallonka,” in ji tsohon, kansa a sunkuye, shi ma da Nufanci. “Ɗaure fuska. Ban ce musu komai ba, su ma sauran na gargaɗe su. Ragata ce ta ruɓe da damina, shi ya sa. Na san kai ka ba ni don sauro. Ka yi haƙuri.” Sai ya ƙara da cewa, “Ya jikin Kafayatu? An ce ta kusa sauka.”

Zikrullahi ya ɗaure fuska kamar yadda aka ce masa. Da a ce zaginsa tsohon ya yi, da ya fi masa sauƙi.

“Me ya ce?” Madam ta tambaya.

Kowa ya zuba masa ido, har baƙon.

“Ya ce ya gane, Madam. Ya ce ba zai sake ba.”

“Madalla. Ka ga amfanin jin yare.” Ta miƙa masa ashana. “Kai za ka kunna.”

Ya ƙyasta, ta mutu. Ya sake, ta kama. Ragar ta yi baƙin hayaƙi mai warin roba, aka tafa, baƙon ya zo ya girgiza masa hannu yana yaba masa. Da ya waiwaya, sai ya ga Kawu na nan durƙushe cikin ƙura. Babu wanda ya sallame shi, kuma ba zai tashi ba sai wanda ya durƙusa wa ya ba shi izini.

Madam ta yi masa nuni da haɓa. “Ka ce masa ya tafi mana.”

Zikrullahi ya nemi kalmar da Nufanci, bakinsa ya ƙi. Sai ya faɗa da Hausa, yadda ake faɗa wa kowane tsoho a bakin titi.

“Tashi, Baba. Kana iya tafiya.”